Az-Zahrawi da Tiyatar Tsiron Hanci: Sani Kafin Aska

Abul Ƙasim Khalaf bin Abbas az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a zamanin Halifa al-Hakam na biyu, ya rasu wajajen shekara ta 404 bayan Hijira (1013 Miladiyya). Littafinsa at-Tasrif maƙala 30 ne, ta ƙarshensu kuwa ya keɓe ta ga tiyata, kuma a cikinta ya yi bayanin naman da ke tsirowa a cikin hanci.

Kafin ya ambaci aska, sai da ya rarrabe nau'o'in tsiron. Mai tauri da duhun launi ya lissafa shi cikin sankara, ya hana a taɓa shi da ƙarfe. Mai laushi shi ne ake jawowa da ƙugiya, a yanke, a kankare saura. Idan wani ɓangare ya ɓuya can sama inda aska ba ta kaiwa, sai a zura zare mai ƙulle-ƙulle ta hanci, a fito da shi ta baki, a riƙa ja har naman ya tsinke.

Wannan rarrabewa tana da tushe a fiƙihu. Ibn Rushd (ya rasu 595 BH), shi ma Baƙurɗube, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa kuskuren ƙwararren likita diyya ce kawai ke biyo bayansa, amma wanda ya kutsa sana'ar ba da sani ba mai ta'addi ne. Ke nan, a wurin likitan da faƙihin, sanin inda ba a yankawa sharaɗi ne na riƙe aska. Allah ne Mafi sani.