Maraɗi da Daular Sakkwato a Ƙarni na 19

Idan ana maganar ƙaramar ƙasa da ta tsaya wa babbar maƙwabciyarta, misalin da Turawa suka fi kawowa shi ne Finlan. Ran 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka mata, alhali mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Suka fake da dazuzzuka da ƙanƙara, suka yi kwana 105 ana fafatawa. Sun rasa babban ɓangare na yankin Kareliya, amma mulkin kansu bai kuɓuce musu ba. Ƙasar Hausa ma tana da irin wannan labari, kuma nata ya fi tsawo, domin ya ɗauki wajen shekara 80.

A wajejen 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, sauran 'yan sarauta kuma suka bi Ɗan Kasawa zuwa ƙasar Damagaram, inda suka yi shekaru suna zaman gudun hijira. A wajejen 1819 Aznan kwarin Gulbin Maraɗi suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya shugabance su. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina yake, kuma ya naɗa Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi kamar yadda aka saba a gida. Ma'anar wannan a fili take: a wurinsu zaman na ɗan lokaci ne, kafin a koma.

Ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Sarkin Musulmi yana iya kiran dakaru daga Katsina da Kano da Zazzau da Zamfara, ita kuwa Maraɗi gari ɗaya ce da ƙauyukanta, ga shi tsakaninta da birnin Katsina bai kai kilomita 100 ba. Sun taɓa gwada gaba da gaba, ba su ji da daɗi ba. A 1836 suka haɗa kai da Gobirawa da Buzaye, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare su a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda, magajin Ɗan Kasawa. Duk da haka Maraɗi ba ta faɗi ba. Ɗan Mari ya hau, ya taimaki Gobirawa suka kafa Tsibiri a kusa da shi, garuruwan biyu suka zama ƙaya ɗaya a ƙafar Sakkwato.

Abin da ya cece su shi ne daji da hari. A wancan zamani kwarin gulbin kurmi ne mai duhu, inda yawan dawaki ba ya amfana wa mai shi komai. Rundunar daula kuma ta rani ce. Da hadari ya taso, kowa sai ya koma gonarsa. Ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin kalmomin nan biyu: yaƙi ana shirya masa a fito fili, shi kuwa hari sammako ne, a faɗa wa ƙauye, a kwashe, a ɓace kafin labari ya kai birni. Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki sama da shekara 20, da hari ya yi suna. Martanin Sakkwato shi ne ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, irin su Wurno inda Bello da kansa ya zauna har ya rasu a 1837.

Sai dai bai kamata a mai da labarin kirari zalla ba. Wanda ya biya kuɗin wannan tsayin daka shi ne talaka, ta kowane ɓangare, domin ribar hari bayi ne da shanu. Bayan an murƙushe tawayen da Ɗan Mari ya goya wa baya a yankin Ruma, garuruwa da dama sun watse, daji ya cinye su. Bajamushen nan Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin ba su wuce 8,000 ba, fatake kuma sun karkata Kano.

Maraɗawa ba su ƙwato Katsina ba, Sakkwato kuma ba ta ci Maraɗi ba. Abin da ya raunana ta a ƙarshen ƙarnin rikicin cikin gida ne, har wani reshe na gidan sarauta ya koma Tasawa. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai layin ya bi kusan inda dajin da ya raba su yake: Katsina ta faɗa Nijeriya, Maraɗi ta faɗa Nijar. Har yau sarautar garin Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran ta.