Mai Gunduma da Hakiman da Aka Tura Ƙauye

Tun da rigimar masarautu ta ɓarke a Kano a 2019, aka jefa Dawakin Tofa cikin masarautar Bichi, aka kuma dawo da ita masarautar Kano a 2024, 'yan boko suka farfaɗo da wata tsohuwar magana, wai sarautar Kano ba ta da maraba da tsarin fiyudal na Turai. Wani mai karatu daga Dawanau ya aiko yana tambaya ko haka ne. Amsar tana buƙatar a koma 1908.

A Ingila, bayan William ya ci ƙasar a 1066, ƙasa duka ta sarki ce. Shi ke yanka wa manyan mayaƙansa filaye, su durƙusa su sa hannuwansu cikin nasa su yi mubaya'a, su kuma kawo mahaya idan yaƙi ya tashi. Manomin da ke kan filin a ɗaure yake da shi. Ba ya tashi sai da izinin ubangidan, yana yi masa noman wasu kwanaki kowane mako, in an sayar da filin har da shi a ciki. Da Lugard da mutanensa suka shiga Kano a Fabrairun 1903, da wannan hoton a ka suka zo, sai suka ɗora wa hakimai sunan iyayen gijin Turai.

To amma hakimin Kano na ƙarni na 19 ba ya zaune a ƙauye. A birni yake, kusa da fada, garuruwansa kuma a warwatse suke, ɗaya gabas ɗaya yamma. Abin da sarki ya ba shi shi ne ikon karɓar haraji, gona kuwa ta mai nomanta ce, ana gadonta, ana jinginar da ita. Jakada ne ke zirga-zirga tsakaninsa da dagaci, kuma sau da yawa bawa ne ko bara. In kaka ta yi sai ya sauka gidan dagaci, a yanka masa kaza, a ƙirga wuri, a auna zakkar hatsi, ya cire nasa tun kafin kaya su kai ƙofar gari. Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne kan kowane magidanci, ban da kuɗin karofi. Talakan da aka matsa wa yana da makami guda da takwaransa na Ingila bai da shi: ya ɗaure kayansa a jaki ya yi ƙaura. Wanda ke ɗaure da ƙasa da gaske shi ne bawan gandu, irin na gandun sarki a Fanisau, nan kusa da Dawanau, kuma ko shi yana iya biyan murgu ya yi sana'arsa.

Wanda ya rushe wannan tsari na hakimai da jakadu shi ne Dokta Cargill, Razdan na Kano, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma. Jakadu yake gani a matsayin tushen ɓarna. Sai ya haɗe garuruwan da ke maƙwabtaka da juna suka zama gundumomi, ya ce kowane hakimi ya tattara ya koma ƙasarsa da zama. Ga mai sarautar da ya saba hawa zuwa fada kullum safiya, wannan kora ce kawai. Sarki Abbas ya yi ta jan ƙafa. Cargill ya harzuƙa, a 1908 ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya naɗa shi Waziri, ya sa al'amuran mulki su riƙa bi ta hannunsa. A ce bawa ya hau kujerar da ke bin ta sarki, ubangidansa na kallo! Abin bai yi ƙarko ba. Cargill ya bar Kano, sabon Razdan, Temple, ya zo a 1909 ya sauke Allah Bar Sarki, Gidado ya zama Waziri, aka shirya da Abbas. Gundumomin dai ba a taɓa su ba.

Rahotannin Turawa sun nuna wannan a matsayin ceton talaka daga jakadu. Ni ban gamsu ba. Jakada baƙo ne, ya ci ya tafi. Hakimin da aka dasa a gunduma ya zo da iyalinsa da barorinsa da dawakinsa, kuma duk bakunan nan ƙauye ne zai ciyar da su, shekara da shekaru. Gayyar noman gandun hakimi, da ciyawar doki, da gaisuwar salla, yanzu a ƙofar gida suke. Ƙaura ma ta rage amfani, don duk inda mutum ya je sunansa zai shiga takardar haraji. In akwai lokacin da hakimi ya yi kama da ubangidan Turai, to bayan Cargill ne, kuma Turawan da suka zo kukan abin su suka gina shi. A haka Dawakin Tofa ta zama mazaunin Madakin Kano.

Sauran labarin sananne ne. Dokar ƙasa ta 1910 ta danƙa filaye a hannun Gwamna, aka buɗe baitulmali aka sa wa hakimai albashi. Jam'iyyar NEPU ta taso a 1950 da yaƙin wannan hakimin na gunduma, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, shekara guda bayan dokar filaye ta 1978. Yau gonakin gefen kasuwar Dawanau ana yanka su fuloti ana gina sito, mai gona ke sa farashi, mai unguwa kuma shaida ne a takardar ciniki.