Hunturu a Gida: Zagayen Wuraren Tarihin Katsina

Masu iya magana suka ce gani ya kori ji. A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata, wani ɗan ɗan'uwana da aka haifa a Legas, wanda ya kusa kammala sakandare, ya ga hoton Hasumiyar Gobarau a jikin kalanda, sai ya tambaye ni ko a ƙasar Mali take. Alhali kuwa daga gidan kakansa zuwa gindin hasumiyar tafiyar ƙafa ce. Laifin namu ne mu iyaye, domin mukan kawo 'ya'yanmu gida, su ƙare hutu a ɗaki suna latsa waya, mu mayar da su birni ba su san garin da suke kiran nasu ba.

Tun zamanin da, hunturu shi ne lokacin tafiya a ƙasar Hausa. An gama girbi, rafuka sun janye, hanyoyi sun bushe, sai fatake su ɗaure kaya, almajirai su tafi neman karatu. Ga shi a yau ma lokacin ya dace da hutun makarantu na watan Disamba, kuma rana ba ta da zafin bazara. Saboda haka nake ba 'yan'uwa shawarar ware kwana biyu, a zaga da yara wuraren nan bi da bi, yadda tarihin kansa ya jera su.

Ranar farko a yi sammako a nufi gabas, zuwa Durɓi ta Kusheyi da ke Ƙaramar Hukumar Mani, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba. A nan ne tuddan da tarihin baka ya ce kaburburan sarakunan Durɓawa ne, zuriyar Kumayau, waɗanda suka yi mulki kafin a kafa birnin da muka sani. An tona wasu daga cikinsu a shekarar 1907, zamanin Sarki Dikko da Baturen mulki Palmer, aka sake tonawa a 1992. An samu tasoshin ƙarfe, da wuri, da hauren giwa, da kayan ado na zinariya, kuma binciken da aka yi a Jamus ya nuna wasu kayan daga ƙasashen Gabas suka fito. Ke nan shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Turawa, kakanninmu suna cinikayya da ƙasashen da ke bayan Sahara. Yana da kyau a fara gaida masu gari a nemi ɗan jagora, domin baƙo zai iya wuce tuddan ya ɗauka tarin ƙasa ne kawai.

Rana ta biyu ta cikin birni ce, kuma daga Gobarau ya kamata a fara. Ana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, Sarkin da aka ce ya kayar da Sanau, na ƙarshen Durɓawa, ya kuma zama Sarkin Katsina Musulmi na farko a ƙarni na 15. Hasumiyar, mai tsawon kimanin ƙafa 50, ita ce ta rage daga babban masallacin Juma'a da ya kasance cibiyar karatu, kuma daga samanta ake hango mahara tun suna nesa. A sa yara su taɓa bangon, su ga abin da maginanmu suka yi da jar ƙasa da azara. Wanda yake son ganin gari daga sama ya bari sai hantsi ya ɗaga, lokacin da hazo ya ɗan washe.

Daga nan sai unguwar Masanawa da maƙabartar Ɗanmarna, a tuna da manyan malaman ƙarni na 17, Wali Ɗanmasani da Wali Ɗanmarna, waɗanda iliminsu ya sa ɗalibai suka riƙa tururuwa zuwa Katsina daga ƙasashe masu nisa. A wannan maƙabarta aka binne marigayi Shugaban Ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a shekarar 2010. Wuri ne na addu'a da natsuwa, don haka a ja wa yara kunne kafin a shiga.

Bayan azahar a bi ƙofofi. Lokacin da Bajamushen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwarmu ya haura mil 13, ko da yake ya tarar da yawancin cikinta fili ne, kasuwa kuma ta koma Kano. Dalili shi ne yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi. A wajejen 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi garin, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi, inda har gobe ake kiran mai sarautar Sarkin Katsina. A Ƙofar 'Yanɗaka kuma a tsaya a gaya wa yara cewa ta nan Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903, Katsina ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba. Shekara uku bayan haka sarauta ta koma hannun Durɓi Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944, kuma zuriyarsa ce ke kan gado a yau.

A rufe zagayen da tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. A cikin waɗannan ɗakunan ƙasa Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, ginin na asali kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi. Yaron da ke ƙorafin ajinsu ba na'urar sanyaya ɗaki ya dace ya ga inda Firayim Ministan Nijeriya na farko ya zauna.

Abin baƙin ciki shi ne mafi yawan ganuwar da Barth ya gani ta tafi. Damina ta ci wani ɓangare, masu ɗibar ƙasa da masu gina gidaje sun cinye saura, ƙofofin kuma an sake su da siminti. Abin da mutane ba sa ziyarta ba su jin zafin rushewarsa, kuma ba za su tsaya wa hukuma a kan ta gyara shi ba. Idan 'ya'yanmu na Abuja da Kaduna da Legas ba su ga waɗannan wurare ba, wa zai kare su bayan ranmu?

Saboda haka duk wanda Allah ya nufa da zuwa gida a wannan hunturu, ya tanadi rigunan sanyi da man kaɗe, ya yi tafiyarsa da rana, ya kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ya fita bayan gari. In da hali a tafi da dattijon gida guda, domin akwai abin da yake bakinsa wanda babu shi a littafi. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar da Katsina da kewayenta lafiya, amin.