Tarihin Birki: Daga Filin Tseren Faransa Zuwa Hanyar Gaya

Idan dattawanmu suna hirar tsofaffin motoci, gudu ake yabo: wace ce ke tashi daga Gaya ta isa Kano kafin shayi ya huce. Ba a cika tuna birki ba, alhali shi ne linzamin mota, kuma da shi aka ci wasu manyan tsere a duniya.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya koma zafi ta hanyar guga. Tsofaffin motoci sun dogara da birkin ganga: wasu takalma biyu ne a cikin gangar ƙarfe, suke buɗewa su goge ta daga ciki. Da yake gangar a rufe take, zafi ba ya samun hanyar fita. In aka yi ta takawa a gangara, sai direba ya ji yana dannawa amma mota ba ta jin magana.

Tun a 1902 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar wata dabara daban: faifan ƙarfe a fili, wanda ake matsewa ta gefe biyu, iska kuma tana sanyaya shi. Dabarar ba ta karɓu ba sai bayan shekara hamsin. A 1953 motar Jaguar C-Type, sanye da birkin faifai na kamfanin Dunlop, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Direbobinta kan jinkirta taka birki har sai sun kusa kwana, saboda sun amince zai kama. A 1955 Citroën DS ta kawo shi motar gida.

Mu kuwa Peugeot 504, wato Fijo, ita ta saba mana da shi. An fito da ita a 1968 da faifai a duka tayoyi huɗu, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, kuma a shekarar ce aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. A 1978 ƙanwarta mai ƙofa biyu da injin V6 ta sake cin Safari.

Sai dai wadda ta fi yi wa mutanen Balan, Ajingi da Gaya hidima ita ce doguwar ta haya da kuma a-kori-kura, su kuwa ganga ce a tayoyinsu na baya. Ranar Juma'a, kasuwar Wudil, a cusa fasinja fiye da kujeru, a ɗora buhunan gero, sannan a sa gudu. Lissafin a nan ba ya sassauci: in nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka, in gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu.

Wannan ne ya sa masu raya tsofaffin motocin tsere a Turai suke fara gyara daga birki. Sukan sa faifai mai ƙofofin iska a tsakiya, su musanya mamatsin ƙarfe da na alminiyom. Rage nauyin yana da dalili: duk abin da ke maƙale da taya, in ya yi nauyi, taya kan yi tsalle a gargada, tayar da ke sama kuwa ba ta tsayar da mota. Sukan kuma canza man birki duk shekara biyu, domin yana tsotsar ruwa, in ya yi zafi ya tafasa, birki ya tafi.

Kanikawanmu sun san wannan a aikace. Da kayan Ƙofar Ruwa da basirar hannu suka riƙe Fijo a hanya shekaru da dama, kuma rayukan fasinja na rataye da ingancin aikinsu. Yanzu suna tsufa, iliminsu bai shiga takarda ba. Duk mai neman abin rubutawa a cikinmu, ya je gareji mafi kusa da shi, ya gaida tsohon bakanike, ya tambaye shi yadda ake gane birkin da ya kusa cin amana.

Allah Ya kiyaye mana hanya.