Tace bidiyon kyamarori da yawa

Tace bidiyon kyamarori da yawa hanya ce ta haɗa hotunan da kyamara biyu ko fiye suka ɗauka a lokaci guda, a wuri guda, domin a fitar da shiri ɗaya. Ana amfani da ita a wasan kwaikwayo na talabijin, tattaunawa, wasan mawaƙa da bukukuwa. Saboda nauyin fayilolin, galibi ana yin aikin ne da kwafi marasa nauyi da ake kira furoksi, sai an gama a tsaftace layin tacewa kafin a mayar da shi kan hotunan asali masu cikakken ƙarfi.

Tarihi

Shirin barkwanci na Amurka mai suna I Love Lucy, wanda ya fara a shekarar 1951, yana cikin waɗanda suka yaɗa ɗaukar shiri da kyamarori uku a kan fim mai faɗin milimita 35. Raba aiki gida biyu, wato tacewa da hoto mara ƙarfi sannan kammalawa da na asali, ya samu gindin zama ne a zamanin kaset. A 1971 kamfanin CMX, haɗin gwiwar CBS da Memorex, ya fitar da na'urar CMX 600 wadda ke ajiye hoto baƙi da fari a faifai. Abin da take fitarwa ba fim ba ne, jerin umarni ne na inda za a yanka. Irin wannan jerin shi ake kira EDL, kuma har yau ana aiki da shi.

Avid ya zo da Media Composer a 1989. Final Cut Pro ya samu tsarin kyamarori da yawa a 2005. Da Apple ya sake gina manhajar a 2011 babu wannan tsari a cikinta, abin da ya jawo ƙorafin masu sana'ar, aka dawo da shi a farkon 2012. DaVinci Resolve ya samu nasa a 2015.

Dalilin aiki da furoksi

Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ninki huɗu na hoton 1920 da 1080. A tsarin ProRes 422 HQ, awa ɗaya ta 4K mai firam 30 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 400, yayin da ProRes 422 Proxy na 1080 ke cin kusan gigabait 20. Idan kyamarori huɗu suka ɗauki taro na awa biyu, asalin ya haura terabait 3, furoksi kuwa bai wuce gigabait 160 ba. Matsalar ba ta wurin ajiya kaɗai ba ce. Mai tacewa yana kallon dukkan kyamarorin a allo ɗaya, don haka dole kwamfuta ta karanta fayil huɗu a tare, kuma a nan ne hoto ke fara sarƙewa.

Daidaita kyamarori

Kafin yanka, ana daidaita hotunan su tafi tare. Mafi inganci shi ne lambar lokaci da aka raba wa dukkan kyamarori daga na'ura ɗaya. In babu ita, manhaja na iya kwatanta sautin da kowace kyamara ta ɗauka, ko a dogara da tafi ko bugun allo a farkon ɗauka.

Bambancin gudun firam yana ɓata wannan aiki. Ƙasashen da suka gaji tsarin PAL, ciki har da Najeriya, sun saba da firam 25 a daƙiƙa, Amurka kuma da 29.97. Ko tazarar da ke tsakanin 23.976 da 24, wadda ido ba ya gani, tana kai kusan daƙiƙa 3.6 a awa guda idan aka karanta ɗaya da gudun ɗayar. Wayoyin hannu da yawa suna ɗauka da gudu mai canzawa, shi ya sa ake juya hotonsu zuwa gudu tsayayye tun farko.

Tsaftace layin tacewa

Bayan darakta ya amince da yankan ƙarshe, kowane guntu a kan layin yana ɗauke da dukkan kyamarori a cikinsa, ko da ɗaya ce ake gani. Matakin farko shi ne a cire sauran, a bar wadda aka zaɓa. Premiere Pro da DaVinci Resolve suna kiran umarnin Flatten, Avid kuma Commit Multicam Edits. A misalin da ya gabata, ko da an yi amfani da taron gaba ɗayansa, awa biyu ce kawai cikin takwas za a nemo asalinta. Ana ajiye kwafin layin kafin wannan mataki, domin bayansa sauya kyamara yana da wuya.

Daga nan ake share guntayen da aka kashe ko wasu suka rufe su, a tattara hoton a layi ɗaya ko biyu, a ware rubutu da zane a nasu layin. Akan bar rarar firam kaɗan a gaba da bayan kowane guntu saboda gyaran gaba. Ana tura jerin yankan ga mai gyaran launi ta EDL, XML ko AAF, tare da cikakken bidiyo mara nauyi da zai riƙa kwatantawa da shi. EDL tsohon tsari ne da ke ɗaukar layin hoto ɗaya kawai, wanda shi ma dalili ne na rage layuka. Sauti yakan tafi ta AAF.

Matsaloli

Kyamarori iri ɗaya sukan ba fayilolinsu suna ɗaya. Idan ba a bambanta sunayen ba kafin a yi furoksi, manhaja na iya ɗauko hoton wata kyamara a madadin wata ba tare da ta yi gargaɗi ba. Sauya gudun hoto da zuƙo shi ba koyaushe suke ƙetarawa daidai daga manhaja zuwa manhaja ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka nan furoksi yana ɓoye dusashewar hoto: fuskar da ta yi kyau a ƙaramin kwafi tana iya fitowa dishi-dishi a 4K, a lokacin sai an koma kwafin da aka ajiye a zaɓi wata kyamarar.