Tarihin Kujerar Tasker a Majalisar Dokoki

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin sunan Tasker? Idan ka tashi daga Damagaram ka nufi gabas, za ka isa Gure. Daga Gure sai ka juya arewa. Gonakin hatsi su yi ta raguwa har su ƙare, rairayi ya karɓe su. Can ne ƙasar Tasker take, cikin jahar Damagaram. Ƙasa ce mai faɗi ƙwarai, amma mutanenta kaɗan ne. Yawancinsu makiyaya ne masu raƙuma da awaki da tumaki: Tubawa, da Larabawa, da Buzaye, da Fulani. Rayuwarsu tana kewaye da rijiya. A wajen nan ne duwatsun Tarmit suke, inda gwamnati ta keɓe babban gandun namun daji a shekara ta 2012.

Da can Tasker tana ƙarƙashin Gure. Sai a shekara ta 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanenta ba su kai dubu 40 ba, alhali jahar Damagaram duka ta haura miliyan 3 da rabi. Riƙe wannan lissafi, za mu buƙace shi.

A zamanin Jori Hamani jam'iyya ɗaya ce, RDA. Ita ke rubuta sunayen ƴan majalisa, jama'a su amince. Daga 1974 soja suka hau mulki, aka rufe majalisa. Da aka sake buɗe ta a 1989, nan ma jam'iyya ɗaya ce, MNSD. Babban taron ƙasa na 1991 a Yamai shi ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, aka kuma tsara sabuwar hanyar zaɓe.

Ga yadda hanyar take a lokacin. Kowace jaha ana ba ta kujeru gwargwadon yawan jama'arta. Kowace jam'iyya ta kawo jerin sunayen ƴan takararta. Kai mai jefa ƙuri'a, jerin kake zaɓa gaba ɗaya. A ce jaha tana da kujera 10, wata jam'iyya ta samu rabin ƙuri'u, to kujera 5 za ta ɗauka. Yanzu ka sa kanka a matsayin shugaban jam'iyya. Wa za ka sa cikin jerin? Ai mutumin Mirya ko Magariya ko Matamai, inda ƙuri'u suke jibge. Makiyayin Tasker, da danginsa ke warwatse a bakin rijiyoyi, wa zai tuna da shi?

Don haka aka ware mazaɓu 8 na musamman domin ƙananan al'ummomi. Kowace tana da kujera ɗaya tak, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Tasker tana cikinsu. Akwai Barmo ta Fulani makiyaya a jahar Maraɗi, da Tasara a jahar Tawa, da Bilma, da Ngurti, sauran 3 kuma a jahar Tilaberi. A 1993 majalisa tana da kujera 83: 75 na jahohi, 8 na musamman.

An yi zaɓen farko ranar 14 ga Fabrairu 1993. Amma aka soke na Tasker, aka sake yi a watan Afrilu. Wanda ya ci shi ne Mohamed Bazoum, malamin makaranta, Balarabe, wanda ya tashi a Tasker. Ɗan jam'iyyar PNDS Tarayya ne. Abin lura a nan, a lokacin Damagaram gidan CDS Rahama ce, jam'iyyar Mahamane Ousmane, wanda ya zama shugaban ƙasa a shekarar nan. Tasker ta bi tata hanya dabam. Bazoum ya sake cin kujerar a 2004, da 2011, da 2016. Sai dai a lokacin doka ba ta yarda mutum ya haɗa minista da ɗan majalisa ba. Shi ya sa ake zaɓen kowane ɗan majalisa tare da madadinsa. A 2011 da 2016 Bazoum ya shiga gwamnati, madadinsa ya zauna a kujerar.

Majalisa ta yi ta girma. Ta kai kujera 113 a 2004, ta kai 171 a 2016, har da 5 da aka ware wa ƴan Nijar mazauna ƙasashen waje. Na musamman kuwa suka tsaya a 8, ba su ƙaru ba.

Ka tuna lissafinmu? A lokacin, a sauran wurare, mutum wajen dubu 100 ne ke da ɗan majalisa ɗaya. Tasker ba ta kai rabin haka ba, amma tana da nata. Manomin Magariya zai iya cewa an tauye shi, tun da muryar makiyayi ɗaya ta fi tasa nauyi. Maganarsa abin dubawa ce. Amma a ganina manomi ba ya rasa mai faɗar kukansa, domin wakilan ƙasar noma sun cika zauren. Rijiyar da ta rufta a Tarmit, da allurar raƙuma, da makarantar ƴaƴan makiyaya, in ba ɗan wurin ba, da wuya wani ya tashi ya ambace su.

A Fabrairu 2021 aka zaɓi Bazoum shugaban ƙasa, ya kama aiki a watan Afrilu. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatinsa, suka tsare shi, suka dakatar da tsarin mulki da majalisar dokoki. Kujerar Tasker ta tafi tare da sauran. A watan Maris 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa duka.