Dokin Kara da Jarumin Roba: Abin da Mai Begen Ƙuruciya Yake Nema

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A Amurka da Turai da Japan an mayar da tuna bara sana'a sukutum: magidanta masu furfura suna zuba kuɗi wajen sayen ƴan mutum-mutumin roba irin waɗanda suka yi wasa da su suna yara, kamfanoni kuma suna sake ƙera su domin biyan wannan buƙata. A ƙasar Dakoro, mai nisan kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, akwai magidanta masu irin wannan bege, sai dai abin da suke begen ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Idan aka jera tarihin wasannin biyu kafaɗa da kafaɗa, za a ga abin da kowane ɓangare ya rasa, da irin ajiyar da ta dace da kowannensu.

Asalin jarumin roba

A shekarar 1964 kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da G.I. Joe, wani soja na roba mai tsawon kimanin santimita 30, wanda gaɓoɓinsa ke lanƙwasuwa. Shekara biyar kafin nan kamfanin Mattel ya yi kasuwa da Barbie a wurin ƴan mata. Da yake masu Hasbro na tsoron kada samari su ƙi abin da aka kira ƴar tsana, sai suka laƙaba masa sabon suna mai ma'anar siffa mai motsi. Tun daga ranar farko, ke nan, suna da labari aka sayar tare da robar.

Fim ɗin Star Wars na 1977 shi ne ya sauya harkar baki ɗaya. Kamfanin Kenner, wanda ya samu izinin ƙera jaruman fim ɗin, bai shirya kaya ba har lokacin Kirsimeti ya zo, sai ya sayar wa iyaye kwali mai ɗauke da takardar alkawarin cewa za a aiko da jarumai huɗu daga baya. A 1978 suka fito, ƙanana, ba su kai santimita 10 ba. Ƙanƙantarsu ta sa farashi ya sauka, a bayan kowane kwali kuma aka buga hotunan sauran, yadda yaron da ya samu ɗaya zai san nawa suka rage masa. Daga nan He-Man ya biyo a 1982, Transformers a 1984, kowanne da shirinsa na talabijin mai koya wa yaro sunan jarumi da halinsa da abokin gabarsa.

Abin da masu tarawa ke so

Yaran wancan zamani su ne manyan yau, kuma buƙatunsu sanannu ne. Na farko, kamanni: suna son a dawo da jarumin da launinsa da makaminsa da zanen kwalinsa kamar yadda suka san shi. Na biyu, cika: jerin da aka fara kada a bar shi da giɓi. Na uku, inganci irin na manya, wato fuska mai kama da ta ɗan wasan fim da gaɓoɓi masu yawa. Na huɗu kuwa ƙaranci, domin abin da kowa ke da shi ba ya tsada.

Kamfanonin sun bi su sau da ƙafa. Mattel ya sake fito da jerin He-Man domin manya a 2008, Hasbro ya ƙaddamar da wani jerin Star Wars na masu tarawa a 2013, a 2018 kuma ya ɓullo da tsarin HasLab, inda masu so ke biya tun kafin a ƙera, in adadinsu bai kai ba a fasa. A 2024 an yi gwanjon wani samfurin jarumi Boba Fett na 1979, wanda ba a taɓa sakin sa kasuwa ba saboda tsoron kada yaro ya haɗiye harsashinsa, a kan dalar Amurka fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Abin lura shi ne, a wannan kasuwa kayan wasan da ya fi daraja shi ne wanda ba a buɗe kwalinsa ba, wanda hannun yaro bai taɓa shi ba.

Masana'antar da ke bakin tabki

Dakoro, wadda Faransawa suka kafa ofishin mulki a cikinta a 1947, tana daf da iyakar da dokar 1961 ta shata tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye sun daɗe suna cuɗanya a wurin, kuma wasan yaransu ya ɗauko kamannin rayuwar iyayensu. Bayan girbi, karan gero da na dawa su ne kayan aiki. Yaro kan haye kara ya zama dokinsa, ya yi sukuwa kamar barade. Wanda hannunsa ya faɗa kan feƙe ɓawon kara ya soka a totuwa ya haɗa mota ko raƙumi ko gilashin ido. In ruwa ya ja baya a tabki, sai a ɗebi yumɓu a gina shanu masu tozo da ƙaho, a shanya su a rana, a yi musu garke da makiyayi. Ƴan mata kan yi ƴar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso da zane daga ƙyallen tela, su goya ta, har a yi mata biki da gara. Da motoci suka yawaita, sai langa-langa da waya da gwangwanin madara da tsohon silifa suka shigo cikin sana'ar.

Nan ma akwai jarumai. Masanin nan ɗan Beljiyam, Jean-Pierre Rossie, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan kayan wasan yaran Sahara, ya bayyana yadda yaran Buzaye ke mayar da muƙamuƙin akuya raƙumi, su ɗora masa sirdi da mahayi mai rawani. Wannan mahayi jarumi ne cikakke. Bambancinsa da na roba shi ne, yaron da ya ƙera shi shi ne ya raɗa masa suna, shi ne kuma ya tsara masa labari daga abin da ya ji a bakin manya.

A 1984, shekarar da Transformers ya cika kantunan Amurka, ƙasar Dakoro tana cikin fari da yunwar da mutanen Nijar suka yi wa laƙabi da El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Garkuna sun ƙare, iyalai sun watse, shekara goma kacal bayan farin 1973 zuwa 1974. Tsararrakin masu tara jaruman roba a can su ne waɗannan yara a nan. Daga baya kayan wasan roba masu araha, galibi ƙirar Sin, suka riƙa isowa ta kasuwannin Kano da Maraɗi: bindigar ruwa, motoci, da ƴan tsana masu gashin Turawa, waɗanda aka fi saye lokacin salla. Wayar hannu kuma ta zo ta raba wa yaro hankali.

Dalilin da ya sa ba a tara ba

Dalilai uku suka hana tarawa irin ta Turawa kafuwa a ƙasar Hausa. Na farko, kayan ba sa jurewa: gara ta ci kara, ruwan sama ya narkar da yumɓu, ba wanda ya damu domin baɗi za a sake yin wani. Na biyu, al'ada tana ganin wasa na yaro ne, babban da aka gani da shi a ce bai girma ba. Na uku, addini. Malamai sun yi rangwame ga ƴar tsanar yara bisa hadisan da suka nuna Nana A'isha tana wasa da irinsu, har da doki mai fukafukai, amma jera mutum-mutumi a ɗaki domin ado abu ne da akasarinsu suka hana.

Saboda haka mafi yawan abin da ya tsira a hannun baƙi ya tsira. Kayan wasan yaran Sahara da masu bincike suka kai gidan tarihi na Musée de l'Homme a Faris sun koma gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006. A gida kuwa, aikin da aka fi yi na rubutu ne, irin littafin Wasannin Yara na Umaru Dembo. An kuma gwada hanyar kasuwa: a 2007 Taofick Okoya na Legas ya fito da ƴan tsanar Queens of Africa, cikinsu har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. Yunƙuri ne mai kyau ta fuskar kamanni, amma har yanzu yaro saye yake yi, ba shi ya ƙera ba.

Ajiyar da ta dace

Mai tarawa a Amurka yana iya sayen ƙuruciyarsa a kwali, domin kamfani ya adana zane da suna. Magidancin Dakoro ba shi da kamfanin da zai rubuta wa. Zanen motarsa ta kara yana cikin yatsunsa, kuma ranar da aka rufe shi da ƙasa an rufe da zanen. Raƙumin muƙamuƙi a bayan gilashi a Faris ba zai koya wa kowa yadda ake ɗaure sirdinsa ba.

Ajiyar da za ta yi amfani a nan ita ce ta sani. Malamin makaranta yana iya gayyato dattijo ko dattijuwa bayan girbi, lokacin da kara ke zube, a ƙera a gaban ɗalibai. Ƙungiyoyin al'adu suna iya rubuta sunan kowane abin wasa da na sassansa da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a ɗauki hoton aikin mataki mataki, a rubuta sunan garin da shekarar, a miƙa kwafi ga gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959. Waɗanda suka yi ƙuruciya kafin zuwan roba sun manyanta yanzu. Karan gero zai dawo kowace kaka, amma masu sanin yadda ake mayar da shi doki raguwa suke yi.